Ludayin Malam Inuwa Duba-gari

Da la'asar ranar Talata, 12 ga Sha'aban 1377, wato 4 ga Maris 1958, wani mai kwalekwale ya iso ƙauyenmu na gefen Baturiya da labarin da ya sanyaya mana jiki: Allah Ya yi wa Malam Inuwa, duba-garin Haɗejiya, rasuwa. Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Malam Inuwa, ni ne Bulama Garba, abokin gardamarka. Shekarar da En'e, hukumar Sarki, ta kafa doka cewa duk mai tarin fuka sai an kai labarinsa wurin likita, kai aka ɗora wa aikin, mu bulamai masu riƙe da ƙauyuka kuma aka ce mu riƙa sanar da kai. Ba wanda ya so dokar nan. Mutanenmu ba allura suke tsoro ba, ludayi suke tsoro. A wurinmu ƙwarya ɗaya ake dama fura, ludayi ɗaya ke zagayawa, wanda kuwa aka ware wa nasa an shaida wa duniya ya zama abin ƙyama. Shi ya sa da mutum ya fara tari da rama, sai dangi su haye da shi wata bukka a tsakiyar fadama, su ce ya tafi kamun kifi.

Sai ga ka da ludayi a aljihu, kai da kake lafiya ƙalau. Wurin suna da shi kake sha, wurin ɗaurin aure da shi, har kasuwar Auyo. An sha yi maka dariya kam. Masu tallar nono suka laƙaba maka Inuwa-mai-ludayi, ni ma na tambaye ka ko rowa ce ta kai ka haka. Ka yi murmushi, ka ce in masu lafiya suka saba sha da nasu, mai ciwo ba zai ji kunyar nasa ba.

Ban gane nauyin maganar ba sai daminar da 'yata Barira ta fara tofar da jini, ga 'ya'yanta biyu ƙanana suna sha bayanta. Ruwa ya shanye hanya, amma ka iso, wandonka jiƙe sharkaf. Na roƙe ka ka yi shiru har kaka, don kada dangin mijinta su guje ta.

Ka ce, "Bulama, ba zan ɓoye ta ba, ba kuma zan bari a wulaƙanta ta ba. Dubi jikokinka."

Da kanka ka tura kwalekwalen da ya kai ta asibiti, maiɗakinka Umma ce ta riƙa kai mata abinci. Kafin a sallamo ta ka aiko wa gidana kwando cike da ludaya, kowa da nasa, tun daga ni har Auta. Barira ta dawo ta tarar nata ɗaya ne cikin da yawa. Tana nan a ɗakinta, yaran sun yi wayo, ko ɗaya bai yi tari ba.

Bara tarin ya kama ka kai ma. Ba ka jira wani bulama ba, da ƙafarka ka je ka kai labarin kanka yadda ka kai na kowa. Maganin da ya yi wa Barira bai yi maka ba, don kwana ya ƙare. Wallahi na ji zafin wannan ƙwarai.

Ranar sadakar uku aka fito da fura ƙofar gidanka. Na ga masunta da makiyaya da mutanen gari suna sa hannu aljihu, kowa ya fito da ludayinsa. Ba wanda ya yi dariya.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya shayar da kai daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Umma, da ɗanka Abdulwahid da ƙannensa, da jama'ar Haɗejiya baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.