Kwaɗon Ƙarƙashin Tsingaro

A bayan makarantarmu ta firamare, can gefen Funtua, akwai wani rafi da muke bi idan an tashe mu. A lokacin ni ba mai magana ba ce, sai kallo. Da kallon ne na gano wasu ƙananan kwaɗi da ke zama a bakin ruwan. Kowanne bai wuce kan babban yatsa ba, launinsa irin na jiƙaƙƙen yashi, da siririn zane fari daga hanci har ƙugu. In ya lafe, sai ka taka kusa da shi ba ka gan shi ba. Maƙogwaronsa kaɗai ke motsi, har sai ƙwaro ya gifta ya cafke.

Mutum ɗaya na taɓa nuna wa, ƙawata da muke zama benci ɗaya. Iyayenta mutanen kudu ne, babanta yana sayar da kwanuka da fitilu a kasuwa, amma ita a garin aka haife ta, Hausa a bakinta ta fi tawa gudu.

"Waɗannan ai daga sama suke faɗowa tare da ruwa," in ji ta. "Kowa ya sani. Har Innarki ta faɗa."

"A cikin ƙasa suke kwana," na ce.

"Ashe bebiya tana da baki. To, wa ke shimfiɗa musu tabarma?"

Da damina ta ɗauke aka shiga tsinkar auduga, ruwan rafin ya janye. Wata yamma ina ni kaɗai na ga ɗaya daga cikin kwaɗin yana ture yashi da ƙafafun baya, yana nutsewa a hankali, har ya rage idanu, su ma suka ɓace. Na samo tsingaron wani fasasshen tulu na kafa a wurin. Washegari na kawo ta, ta ce ita yashi kawai take gani. Muka yi alkawari ranar da ruwan shuka ya sauka za mu zo tare mu tsaya a kansa.

Duk ranin nan muna leƙa tsingaron. Takan durƙusa ta ce, "Salamu alaikum, maigidan yana ciki?"

Kafin ruwan ya zo hankalin gari ya tashi, mutanen kudu suka fara ɗaure kaya. Mu yara ba wanda ya yi mana bayani. Wata safiya ta zo ƙofar gidanmu ba kayan makaranta a jikinta, ta ja hannuna har rafi.

"Tono shi in gani. Gobe za mu shiga jirgin ƙasa."

"In na tono shi yanzu, rana za ta kashe shi."

"Leƙawa kawai zan yi, mu mayar mu rufe."

"Ki bari sai kin dawo. Ai hadari ya fara haɗuwa."

Ta daɗe tana kallon tsingaron. Sai ta miƙe ta karkaɗe gwiwoyinta. "Mama ta ce ba za mu jima ba. In ya fito kafin in dawo, ki gaishe shi."

Bayan tafiyarsu ruwan shuka ya sauka da la'asar. Yana ɗaukewa na zame daga gida. Na tsuguna har ƙafafuna suka yi tsami, sannan yashin gefen tsingaron ya tsage. Hanci ya fara fitowa, sai idanu, sai farin zanen nan. Ya rame ƙwarai. Ya zauna jim da yashi a bayansa, ya yi tsalle ya faɗa jan ruwan da ya fara gudu. Na juya hagu, inda ta saba tsayawa.

Ba su dawo ba. Wani tela ne ya shiga shagon babanta.

Ramin nan bai kai zurfin tafin hannu ba. Da a ce na buɗe mata ta leƙa, na mayar da yashin na yayyafa ruwa, wataƙila da ya rayu, wataƙila kuma a'a. Ita dai ta tafi da cewa daga sama suke faɗowa.