Adakar Malam da Buhunan Wake

Da mahaifinmu ya rasu aka raba gado, yayyena maza suka ɗauki gonaki, ni kuma gidansa na cikin garin Gaya ya faɗo mini. Ina aure a Toranke, ƙasar Ajingi, ga yara ga hidimar gida, ba yadda za a yi in koma in zauna a ciki. Gidan ƙasa kuwa in ba kowa a cikinsa, damina biyu ta ishe shi zubewa. Sai muka ce a sa haya.

Ɗaki huɗu ne da zaure. Uku na bayar, na huɗun na danna masa kwaɗo, don shi ne ɗakin Malam, mahaifin namu. A ciki akwai adakarsa ta katako, a kan duwatsu huɗu saboda gara, cike da littattafansa. A saman littattafan, cikin gafakar fata, akwai Alƙur'anin da ya rubuta da hannunsa, da tawadar da yake haɗawa da kansa. Ina ƙarama ni nake wanke masa ƙoƙon tawadar. Na so in tafi da adakar Toranke, amma sai na ga in ta bar ɗakin nan, gidan ya tashi daga na Malam. Wannan ita ce wautata ta farko.

Ta biyu ita ce wanda na ba wa gidan. Tsohon ɗalibin Malam ne, a zaurenmu ya yi karatu, a tukunyarmu ya ci tuwo. Tun ina yarinya Yaya nake ce masa. Daga baya ya bar karatu ya kama cinikin hatsi, Allah ya buɗa masa har ya je Makka. Maigidana ya ce a rubuta takarda, a kira shaidu, a sa maganar ɗakin a ciki.

Na ce, "Haba, da Yaya? Ai kunya ma ta ishe ni."

Da baki na faɗa masa, ɗakin nan ba ya cikin haya. Ya dafa ƙirji ya ce, "'Yar Malam, ko ƙofar ba mai jingina da ita."

Shekara biyu ban taka gidan ba. In na shigo Gaya biki ko gaisuwa, sai in bi ta wani layin, wai don kada a ce na zo sa ido a kan kayana. Yanzu in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Abin da ya kai ni shi ne babbar 'yata ta kusa saukar Alƙur'ani a Islamiyya, kuma tun tana izu biyar na yi mata alkawari da rubutun kakanta za ta yi karatun ranar. Damina ta zo ƙarshe, gero ya nuna, na hau adaidaita da mukullina a bakin zani. Ina shiga tsakar gida na ga ba na buƙatar mukullin. Wani sabon kwaɗo ne a ƙofar, ga warin maganin wake yana fitowa ta ƙasanta.

Matar mai hayar ta ce, "Kayan ne suka yi yawa bara, shi ne aka ɗan ari ɗakin."

Na ce, "Adakar fa?"

Ta nuna mini bayan kicin. Tana nan a ƙasa tsirara, daidai inda indararo yake zuba, an ɗora mata tsohuwar tabarma. Na ɗaga murfin sai ya taho a hannuna. Babu littafi a ciki. Jar ƙasa ce ta gara, ta yi gini har sama, fatar gafakar ta ruɓe ta manne da katako. Na sa hannu na tona, na tona, abin da na samu ɗan guntun takarda ne bai kai tafin hannuna ba, da layi uku na rubutun Malam.

Ina durƙushe a wurin ya shigo. Ya ce, "Af, wallahi na ce a mayar da ita ciki, sai aka sha'afa. Ki yi haƙuri, ai yanzu ga na bugawa nan a kasuwa, har sun fi sauƙin karantawa."

Da bai faɗi wannan ta ƙarshen ba, wataƙila da kuka kawai zan yi. Da ya faɗe ta sai hawayen suka tsaya cak. Na ce, "Ba komai, Alhaji." Bai ma lura na daina ce masa Yaya ba. Na sa aka ɗaure adakar da igiya aka ɗora mini a adaidaita.

Limaminmu na Toranke ya ce ƙasar nan a nemi wuri mai tsarki a binne ta, tunda a da Alƙur'ani ce. Na ce to, Malam, amma ba yanzu ba, tana da sauran aiki.

Ni 'yar manoma ce, na san yadda mai hatsi yake cin ribarsa. Da kaka yake saye da araha, ya zuba magani, ya kulle, sai bazara ta yi tsanani kaya sun yi tsada ya buɗe. Don haka na yi shiru. Aka yanke gero, ban ce komai ba. Aka tsinki wake, ina jin labari motoci na sauke wa Alhajin kaya daga Kademi da ƙauyukan kewaye, har zaure ya cika. Na jira sai da kowane sito a garin ya samu mai shi. Ranar nan na ɗauki maigidana da babban wana muka je wurin mai unguwa, aka kira Alhajin, aka rubuta a takarda: wata uku ya kwashe komai ya ba ni gidana. Wannan karon ban ji kunyar takarda ba, ni na fara dangwala yatsa.

Ya ce, "'Yar Malam, ina zan kai kaya a wannan lokaci? Ki bar ni zuwa bazara."

Na ce, "Akwai wuri a bayan kicin, Alhaji, ƙarƙashin indararo."

Daga nan masu ban baki suka fara zuwa Toranke. Abokan kasuwarsa suka zo, surukinsa ya zo, har ƙanin mahaifiyata aka ɗauko mini, dattijo da sandarsa. Duk wanda ya zo ina shimfiɗa masa tabarma, in kawo fura, in bar shi ya gama wa'azin yafiya. Sannan in jawo adakar in buɗe a gabansa. Kawun nawa ya daɗe yana kallon ƙasar, don shi ma a gaban Malam ya yi karatu. Ya ce, "Wannan ne na gafakar?" Na ce shi ne. Ya miƙe ya ɗauki sandarsa, ko furar bai sha ba.

Alhajin ya tashi daga gidan a kan lokaci. Rabin waken ya sayar a yadda ya saya, sauran ya jibge a wani kango, ƙwari suka shiga. Da labarin ya zo mini na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba, har shinkafa da wake na dafa ranar. An ce mini ba kyau, na sani, ina kuma istigfari, amma har yau in mun haɗu a hanya gaisuwar Musulunci kawai yake samu.

Yanzu wata ma'aikaciyar asibiti ce a gidan, ba mu haɗa komai ba. Akwai takarda, akwai shaidu biyu, duk wata kuma ina zuwa in leƙa kowane lungu ido da ido, in hau in duba rufi kafin ruwa ya sauka. Mai son sa gida haya ya kwashe duk abin da ba zai iya sayen irinsa ba, ko da uwarsu ɗaya da mai shiga. Sati uku na yi ina wanke ɗakin Malam kafin warin maganin ya fita. A tsakiyarsa muka haƙa rami muka binne ƙasar adakar.

'Yata ta yi saukarta da na bugawa, irin wanda ya ce ya fi sauƙin karantawa. Da aka watse ta zo ta zauna kusa da ni da kayan bikinta a jiki, ta ce, "Umma, wai yaya rubutun Malam yake?" Na kwance bakin zanina na miƙa mata guntun takardar. Ta karanta layi ukun, ta juya bayan tana neman ci gaban ayar.