Kumbar Kawu

Kawuna, wan mahaifiyata, ya yi shekaru yana gadi a bakin teku can kudu, ya dawo garinmu Kwandiko da rediyo ɗaya da labari buhu-buhu. A ciki har da na masu kiwon kawa, wata halitta mai ɓawo biyu irin kumbarmu ta rafi. Wai a kwando suke rataye ta cikin ruwa, tana zuƙar mai dauɗa tana feso mai tsabta. Mu dai ba mu san kumba da komai ba sai kankare ƙanzon tukunya, don haka muka sha dariya.

Yana da kududdufi a gindin gonarsa ta shinkafa, inda ya zuba karfasa. Duk damina ruwan sama kan wanko takin zamani daga gonar zuwa ciki, ruwan ya yi kore kamar miyar kuka, kifin su riƙa tasowa sama suna neman iska. A shekarar nan ya rantse ba zai rasa ko ɗaya ba. Ya naɗe wando ya shiga rafi, ya lalubo kumba kwando uku, ya nutsa su a kududdufin.

"Kawu, in za ka kora garken naka kiwo, da sanda za ka bi su?" na tambaye shi.

"Ke dai zuba ido, 'yar nan."

Abin haushi, bayan 'yan makonni ruwan ya fara washewa. Kawu ya dinga tare mutane a hanyar kasuwa yana janyo su su zo kallo. Ni ma na leƙa, na hango karfasa na yawonsu har ƙasa, na ja bakina na ƙi yaba masa.

Daɗi ne ya kwashe shi. Tunda ya samu masu wanke masa ruwa, in ji shi, bari ya ninka wa shinkafa taki. Kashegari aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mako bai cika ba kududdufin ya koma kore fiye da da, ya fara wari. Wata safiya muka tarar da karfasa sun juya ciki sama, kumbar nan kuwa duk sun hangame baki.

Da tsokana a bakina na iso. Amma da na gan shi tsugune yana jujjuya ɓawo ɗaya a tafin hannu, sai tausayinsa ya kama ni.

"Ni na kashe su," ya ce. "Na ɗora musu aikin da ya fi ƙarfinsu."

Da damina ta zagayo ya rage taki, ya bar gamba ta tsaya tsakanin gona da ruwa, ya sake lalubo wasu kumbar. Ɓawon na farko kuwa matarsa ta kwashe ta rarraba wa gidaje, na samu biyu. Har yau in ya zo gidana ya ji ina kankare tukunya, sai ya ɗaga murya daga zaure: "A hankali, 'yar nan, ma'aikaciyata ce."