Gwiwar Hannun 'Yar Yayata

Hannuna na hagu ba ya miƙewa. Ina ƙarama man ƙosai ya zubo mini a gwiwar hannu, sai Inna, kakarmu, ta rataye shi a wuyana da ɗankwali, ta ce duk wanda ya sa ni kuka ita da shi. Ciwo ya warke, fata ta tsuke, hannu ya tsaya a lanƙwashe har yau.

Bara kunu ya ƙona 'yar Yayata a daidai wurin. A asibiti aka ce kullum a riƙa miƙe hannun ko tana ihu. Ina zaune a lakca amma hankalina yana gida a Tudun Wada, yatsa sai latsa waya. "Yaya, kin ja hannun?" Na sake turawa. Can ta ce, "Ta yi barci, abin tausayi."

Tab! Ban jira malam ya gama ba, na ɗare acaɓa. Na tarar Inna har ta rataye mata hannun.

"Yaya, riƙe ƙafafu."

Na kwance ɗaurin, na danne kafaɗarta da lanƙwasasshen hannuna, na ja da na dama. Yarinya tana tsala ihu, Inna tana ta bala'i daga tsakar gida: "Ja'ira marar imani!"

Haka muka yi ta fama kullum. Yanzu in ta hango ni sai ta ruga bayan uwarta, tana nuno ni da hannu a miƙe samɓal: "Ga muguwar Anti nan!" Wallahi har tsalle nake yi don murna.