Gudumar da Ba ta Sayarwa Ba

Censa mai wankau tana jiran kayan sojojin ruwan Ingila a ƙofar ma'aikatar gyaran jirage ta Bormla, a Malta, idonta na kan wani baƙon tsoho. Ya baza zarto da almakashi da kwalaben maganin tari a amalankensa, ga dutsen wasa wuƙa a gefe. Zama ya gagare shi. Ya gyara hula, ya sake jera kwalabe, ya leƙa titi, ya dawo.

Wani kafinta ya ɗauki wata guduma da ƙotarta ta sha hannu. "Baba, nawa wannan tsohuwar?"

Tsohon ya fizge ta. "Ba ta sayarwa ba ce."

"To ado ka kawo mana?"

Yatsan tsohon na shafa sunan da aka ƙona a ƙotar. Censa ta raya a ranta gudumar ta ɗansa ce, cikin samarin da suka bi jirgi aka daina jin ɗuriyarsu. Kafintan na juya baya, tsohon ya mayar da ita gaba-gaba, sunan yana sama, ko cikin ma'aikatan da ke fitowa wani zai gane shi.