Fiton Da Malam Ɗayyabu Bai Ji Ba

Duk wanda ya saba zuwa shagon Malam Ɗayyabu mai gyaran amfilifaya, can bayan kasuwar Dutsin-Ma, ya san yadda yake gwada aiki. Zai jona waya, ya murɗa maɓalli, ya yi gyaran murya cikin makirfo. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne hannunsa na hagu. Tun bara, in zai gwada lasifika, sai ya ɗora yatsu biyu a kan takardar cikinta, kamar mai taɓa goshin marar lafiya. Masu kawo gyara sun ɗauka salon gwanaye ne. Shi kansa bai taɓa tambayar kansa yaushe ya fara haka ba.

Yana saurayi ya tafi Kaduna, ya yi shekaru a wani sitidiyo inda ake ɗaukar mawaƙa a kaset. Aikinsa zama gaban teburin haɗa sauti, wani ƙaton abu mai tsawon gado, da abin sauraro manne a kunnuwansa tun hantsi har kalangu ya gaji. Da kaset ya mutu sitidiyon ya bi shi. Mai wurin zai sayar wa 'yan gwangwan teburin, Ɗayyabu ya ce shi dai a bar masa. A bayan motar albasa ya kawo shi Dutsin-Ma, kuma sai da aka cire ƙyauren shago kafin ya shiga.

Babu mai bukatar teburi irin wannan a Dutsin-Ma. Amma cikinsa layi-layi ne, kowane layi allo ne siriri mai ɗaukar murya guda ya gyara ta, kuma ana iya zare shi. Ɗayyabu yana kiransu haƙarƙari. Sai ya zare ɗaya, ya sa mai walda ya lanƙwasa masa akwatin ƙarfe, ya naɗa masa taransifomarsa ta kansa tunda ya rabu da uwarsa, ya huda gurbin makirfo a gaba da na amfilifaya a baya. Haƙarƙari ɗaya kan ci masa makonni. Wanda ya saya kuwa ba ya dawowa da ƙorafi, don murya kan fito da nauyinta, ba irin ta sababbin kayan roba da ke mayar da kowa kamar mai mura ba. Masallatai sun ɗauka, coci biyu sun ɗauka, har da ɗaliban jami'a masu rera waƙa a ɗakin haya. A hankali teburin ya zama kamar bakin tsoho, gurabe sun fi haƙora yawa.

Ana saura kaɗan azumi Malam Abdulhadi ya zo daga Kurfi. Mahaifinsa ne ke karatun tafsiri a masallacin unguwarsu tun kafin a haife shi, yanzu kuwa muryar tsohon ta shige ciki, na sahu na uku ma ba sa ji. 'Ya'yansa sun fara cewa ya huta. Tsohon kuma ya ce in an ga ya bar karatu to an ɗauke shi zuwa makabarta ne. Ɗayyabu ya zaɓi haƙarƙarin da ya fi so, ya yi masa akwati, ya gwada da yatsunsa, ya aika a motar Kurfi.

Ran kasuwa sai ga Malam Abdulhadi da akwatin a hammata.

"Injiniya, abin nan naka fito yake."

"Fito kamar yaya, Malam?"

"Siriri, kamar sauro ya shige maka kunne. Jiya muka gwada bayan la'asar, yara suka toshe kunnuwa. Baba ya ce a kashe, shi ba zai yi karatun Alƙur'ani ana yi masa busa ba."

Ɗayyabu ya jona akwatin, ya murɗa. Ya kasa kunne. Shiru. Ya ɗora yatsu a lasifika, takardar ko motsi. Har ya buɗe baki zai ce wayoyin masallacinsu ne suka tsufa, sai Francis ya faɗo shagon da hannu a kunne. Francis ke da shagon fotokwafi na kusa, shi ne kuma mai kula da sauti a cocinsu, kuma shekara da shekaru suna tsokanar juna.

"Haba, Baba Injiniya! Kwastomomi kake son kora mini? Kashe abin nan, haƙorina har tsami yake!"

"Kai dai ka cika raki, ɗan coci. Mi ka ji?"

Francis ya soma dariya, sai ya ga fuskar Ɗayyabu, dariyar ta tsaya. Ya dubi Malam Abdulhadi, Malam Abdulhadi ya dubi ƙasa. Ɗayyabu ya miƙa hannu ya zare wayar. A fuskokinsu ya ga lokacin da ƙarar ta ɗauke, don kafaɗun Francis sun sauka.

"A bar mini shi," in ji Ɗayyabu. "Kafin a ga wata, in sha Allahu."

Suka fita suka bar shi da akwatin. Ya ɗauko mitar awon wuta ya bi allon lungu-lungu, komai daidai. Ya san irin wannan ciwo, ya sha warkar da shi, amma da kunne ake farautarsa: ka taɓa nan ka saurara, ka matsar da waya ka saurara. Gurnani yatsa na iya jinsa. Fito kuwa sai kunne. Ya tuna haƙarƙarin da ya sayar bana, ya fara tunanin ko akwai wani masallaci a ƙauyen Makera da ake ta haƙuri da busa saboda kunyarsa. Ya rufe shago tun rana ba ta yi sanyi ba, ya ɗaure akwatin a bayan babur.

Matarsa Batula na tsakar gida tana tsintar wake. Ba ta taɓa shiga shagon ba, kuma bai taɓa kawo aiki gida ba, don haka ta bi akwatin da kallo.

"Baban Mubina, lafiya?"

Ya zauna bakin tabarma ya faɗa mata, a gajarce, yana kallon ƙafarsa. Ba ta yi salati ba, ba ta ma daina tsintar ba.

"Ai na sani."

"Kin sani?"

"Gyare ya kwana uku a ɗakinka yana kuka, ni da ke wancan ɗaki ban runtsa ba, kai kana ta munshari. In na kira ka daga madafa sai na yi sau biyu. Na ɗauka ma ka sani, girma ne ya hana ka faɗa."

"Shi ne ba ki gaya mini ba?"

"In ce maka mi? Kurma? Ka ce na raina ka?"

Ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "To ki ara mini naki kunnen."

Washegari da aka kawo wuta da hantsi ya shimfiɗa kayansa a inuwar darbejiya. Ya ce in ta ji fiton ta ɗaga hannu, in ya ragu ta sauke kaɗan. Ya kunna. Batula ta yamutsa fuska ta ɗaga hannu har sama, da ludayi a ciki.

"Wannan abin kuka kai wa bayin Allah a masallaci?"

Ya canza kafasita ɗaya, cikin 'yan ƙananan kayan da ke kan allon, hannunta bai motsa ba. Ya canza ta biyu, ya sauko zuwa kafaɗa. Aka ɗauke wuta. Suka zauna jira, ita ta ɗora tukunya, shi ya jingina da bango yana jin bayansa na ciwo. Da wutar ta dawo ya lura wayar da ke fita da murya ta kwanta jikin wadda ke shigo da ita, abin da da can kunnensa zai kama tun kafin ya rufe murfi. Ya raba su da tsinke, ya ɗaure kowace a gefenta, ya ɗiga dalma. Ya ɗago. Hannun Batula na kan cinyarta.

"Kin gaji ne, ko ya tafi?"

"Duka biyun."

Da kansa ya kai akwatin Kurfi. Ya jona, ya gyara wa tsohon makirfo daidai gemu, ya koma sahun baya ya zauna. Tsohon ya yi basmala. Ɗayyabu ya ji muryar, da kaurinta da rawarta, amma ya san yanzu jinsa ba shaida ba ne. Sai ya bar sauraro ya koma kallo. Yaran da ke bakin taga ba wanda ya kai hannu kunne. Wani dattijo kusa da ƙofa yana gyaɗa kai daidai inda aya ta tsaya. Malam Abdulhadi ya waiwayo ya ɗaga masa hannu.

A hanyar dawowa bai ji daɗin da ya saba ji ba, gajiya kawai. Ya lissafa a ransa masallatan da zai zagaya bayan salla, da yadda zai roƙi Francis ya raka shi na cikin gari, da irin tsiyar da zai sha kafin ya yarda. Haƙarƙarin da suka rage a teburin kuwa, daga yau a tsakar gida za a riƙa gama su, ranar da Batula ke da sarari.

Ya iso gida gab da magariba. Butar alwala na yoyo ta gindi, ta jiƙa ƙasa. Ya tsuguna, ya sa tsohuwar wuƙa a murhu har ta yi zafi, ya narka bakin tsagar ya liƙe, sannan ya cika ta da ruwa ya ɗaga yana dubawa.