Ramar da Ba Ta da Tsami

A shekarar da kogi ya cika ya shiga garkokinmu na Gamkalle har ya kwashe mini salati da shu, wato kabeji, ba a daɗe da rasuwar maigidana ba, a shekarar ne autana ya rasa aikin tuƙi. Mai motar da yake ja zuwa Maraɗi ya sayar da abarsa, shi kuma ya dawo ya zauna. Yana haya a bayan kasuwar Katako, ciki da falo, da matarsa da yara ƙanana.

Bayan ruwa ya janye sai ya fara zuwa garka. Yaron da tun tasowarsa bai taɓa ɗaukar mini bokiti ba, ga shi yana tambayata wace ƙasa ce ta fi kyau. Ya cika buhu da laka ta bakin kogi ya ɗaure a babur ɗin abokinsa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ce wa maƙwabciyata Bazabarma, wadda muke iyaka da ita, jinin garka ya motsa.

Wata safiya matarsa ta same ni ina ban ruwa. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta daɗe tana jan bakin zanenta.

"Inna, ya ce ki zo ki duba masa shukarsa. Tana mutuwa."

"Wace shuka a gidan da ko tsakar gida ba ku da ita?"

"A ciki take. Mu a falo muke kwana yanzu, ni da yara."

Na wanke ƙafa na bi ta.

Ya buɗe mini ɗakin da makulli. Wani zafi mai wari ya buge ni a fuska. Ya toshe taga da kwali, ya rataya ƙwan lantarki ƙasa-ƙasa, a garin da wuta ke tafiya ba ta sallama. Gwangwanayen madara da bidunan mai, wato jarkoki, da ya yanke ne jere a inda gadonsu yake a da. Ko ɗaya bai huda wa gindi ba. Lakar da ya ɗebo a wurina ta daskare, ruwa na kwance a kanta, ta yi kore. Shukokin sun yi tsawo, sirara, sun sunkuya, ganyen ƙasa ya yi rawaya, na sama kuma ƙwan ya ƙona masa baki.

"Rama ce, Inna," in ji shi. "Irin ƙasar waje. Ba ta son rana."

Na tsinki ganye ɗaya. Yatsu-yatsu ne kamar na rama, wannan gaskiya ne. Na shafa karan, babu ƴan ƙayoyin nan masu kama hannu. Na sa a baki. Ni da na yaye ƴaƴana duka da kwaɗon rama, ba sai na tauna sau biyu ba. Babu tsami ko kaɗan. Warin kuwa na san shi, shi ne ke tasowa daga ƙarƙashin gada inda samari ke zama.

"Auta, ni za ka sayar wa rama?"

Ya yi dariya ba ta kai ciki ba. "To Inna, ko mece ce ai shuka ce. Kowa a Gamkalle cewa yake abin da ya taɓa hannunki ba ya mutuwa. Ki faɗa mini abin da na yi ba daidai ba. Sau ɗaya zan girbe, in samu abin riƙe gida, shi ke nan."

A garka muna da abu biyu da na tarar, kuma a kansu na tsufa. Ba a cire shukar wani, ko ta tsallako iyakarka, sai dai ka kira mai ita ya cire da hannunsa. Kuma wanda ya nuna maka shukarsa tana ciwo, ba ka hana shi abin da ka sani. Bazabarme, Bahaushe, baƙon da ya zo jiya, duk na faɗa musu. Ban taɓa juya wa shuka mai ciwo baya ba.

Na tsaya ina kallon gwangwanayen nan, hannuna har ƙaiƙayi yake yi. Na san abin da suke so tun daga bakin ƙofa. Amma na san in suka tashi, warinsu zai fita ta ƙarƙashin ƙofa, mai gidan hayar kuma ɗakinsa na jingine da nasu. Daga shi sai jandarmomi, daga jandarmomi sai kaso. Jikokina suna falo ina jin muryarsu.

"Ban san ciwonta ba," na ce.

"Inna!"

"Ni rama na sani. Wannan ba ta cikin abin da na koya."

"Ashe dai yabon banza ake yi miki."

"Ƙila haka ne. Buɗe mini hanya, shukata na jirana."

Ban cire ko ɗaya ba, ban kuma kai ƙararsa wurin yayyensa ba. Na koma garka. Matarsa ce ke kawo mini labari in ta zo karɓar ganyen miya. Da ya ga suna ƙara lanƙwashewa sai ya ƙara musu ruwa. Wani abokinsa ya ce yunwa ce, ya sayo takin zamani ya zuba da hannu cike. Ni ina ji, ina ɗaure mata yakuwa. Duk ranar da ta zo ba na iya cin abinci sosai. Ban saba jin shuka na mutuwa ina zaune ba, ko da wannan ce.

Kafin sanyi ya wuce duk sun ruɓe. Shi da kansa ya kwashe gwangwanayen a buhu ya kai bola. Matarsa ta cire kwalin taga, ta wanke ɗakin, suka mayar da gado.

Ya zo garka sau ɗaya bayan haka. Bai zauna ba.

"Kin sani, Inna. Kina kallo na yi asara."

"Na sani."

"Ko baƙo ba kya yi wa haka."

"Baƙo ba ni na haife shi ba."

Ya juya ya tafi. Sallah ƙarama ta zo, matarsa da yara suka zo gaisuwa, shi bai zo ba. Babbar ma haka. Daga baya ya samu motar ɗaukar albasa a garin Tawa, ya kwashe iyalinsa suka koma can. Bai taɓa kwana a kaso ba, kuma har yau bai sake taka garkata ba.

Mai gidan hayar ya rasu bai san abin da aka yi a bayan bangonsa ba. Maƙwabciyata Bazabarma ma ta riga mu gidan gaskiya, tana ganin autana manomi ne da bai samu fili ba, ban gyara mata ba. Waɗanda suka shiga ɗakin nan mu uku ne, kuma duk muna nan: ni, da surukata da ke kirana duk Juma'a, da shi autan, wanda in ta miƙa masa waya yakan ce, "Inna, ina wuni," ya tambayi ƙafata, ya mayar mata.